Kaset Ɗin da Iskandar Bai Ƙarasa Ba a Lambun Ƙuba

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar abokina Iskandar, wanda tsofaffin unguwar Sultana a nan Madina suka sani da Iskandar Bature. Ban taɓa niyyar rubuta komai a kansa ba, jikata Ruƙayya ce ta tayar da maganar. Ta zo mini da wayarta a watan da ya wuce, ta tambaye ni da Larabci, don Hausar tasu ta tsaya a kunne, ko wannan ba shi ne mutumin da hotonsa ke ɗakina ba. Kafin in amsa ta taɓa wayar, sai ga muryar Iskandar ta cika falo, tagogi a buɗe, rana tsaka. Ban san lokacin da na miƙe na rufe taga ba. Yarinya ta yi ta dariya.

Ta karanta mini abin da masu sauraro suke rubutawa a ƙarƙashin waƙoƙin. Suna kiran sa mawaƙin da ya ɓata. Wani ya ce a Indiya ya mutu, wani ya ce giya ce ta kashe shi, wani ya ce haukacewa ya yi. Babu wanda ya dace ko guda. Tun da sauran waɗanda suka san gaskiyar duk sun riga ni, na ga bai kamata in bi su da ita a ciki ba.

A ƙarshen shekarun saba'in na san shi. Lokacin ina gyaran rediyo da rakoda a wani ɗan shago a Sultana, na zo daga Haɗejia da takardar aiki, iƙamata ta izinin zama a hannun kafili, wato mai shagon da ya tsaya mini. Wata rana wani dogon Bature mai jan gemu, cikin farar jallabiya da ta yi masa gajarta, ya shigo da rakoda a hammata, ya yi sallama da Larabcin da ya fi nawa karyewa. Na buɗe rakodar na ga ba irin ta kowa ba ce, irin wadda masu sana'ar ɗaukar murya ke riƙewa ce. Na tambaye shi aikinsa, ya ce Turanci yake koyarwa a makarantar ma'aikatan wani kamfani. Na ce malamin Turanci ba ya sayen irin wannan. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya ce a da can yana da wata sana'ar. Daga ranar ya fara tsayawa shan shayi a wurina bayan la'asar, kuma a hankali, kamar mai warware zare, ya ba ni labarinsa.

Sunansa na haihuwa Alasda, malamin da ya musuluntar da shi ne ya ce ai Iskandar ke nan. Ɗan wani ƙaramin gari ne a bakin teku a arewacin Sikotland. Ubansa masunci ne, teku ta cinye shi tun Iskandar yana yaro. Uwarsa ta rene su, shi da ƙanwarsa Katrina, da aikin feɗe kifi a tashar jiragen ruwa, kuma daga wannan aikin ta saya masa jitarsa ta farko. Da ita ya yi yawon ƙananan ɗakunan taro da mashaya na ƙasarsu, shi kaɗai, ba ganga ba 'yan amshi. Ya fitar da faifai uku. Na farko waƙoƙin masunta ne da ya gada, na biyu waƙoƙinsa ne na kansa, shi ne ya fitar da sunansa har gidajen rediyo suka riƙa sa shi. Na uku ya yi shi ne cikin ruɗewa, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, bai karɓu ba, kamfanin da ke buga masa faifai ya sallame shi. Ya ɗauki jaka ya nufi Maroko ba tare da ya san abin da yake nema ba, can ya musulunta. Da labari ya kai gida, uwarsa, mace mai riƙo da cocinta, ta aiko masa cewa ɗanta ɗaya namiji ya bi ubansa teku.

Sau ɗaya na ji faifansa a wancan lokacin, a kaset, a bayan shago, da abin sauraro a kunne. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma na gane irin waƙar. Murya ce ɗaya da tsirkiya, ba hayaniya, kamar mai gurmi da ya zauna a gindin bishiya yana yi wa kansa. Na gaya masa haka, ya sa na kwatanta masa gurmi har da zane a bayan kwali. Amma shi kansa ya daina kiɗa. Jitar tana nan a ɗakinsa, naɗe da bargo a saman kabad, kuma da hannunsa ya cire mata tsirkiya ranar da ya shigo Madina. Ya ce bai yanke wa kowa hukunci ba, shi dai ya zo garin Manzo ne ya yi shiru. Burinsa ɗaya, ya zauna har a binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Yakan faɗi haka yana murmushi, kamar mai faɗin sunan budurwa.

Matasan yau ba za su gane yadda gari ya sauya a farkon shekarun tamanin ba. Ba wani shela aka yi a unguwarmu ba, amma kowa ya ji a jikinsa. Masu sayar da kaset suka kwashe rabin kayansu daga kanta. Kafilina ya zo da kansa ya ce duk rakodar da aka kawo gyara da kaset ɗin kiɗa a ciki, in cire in miƙa wa mai ita kafin ya bar shago, kada in gwada da shi. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, mu kuwa baƙi mu ne kan fara canza taku. Ɗan ƙasa in ya yi kuskure a ja masa kunne. Mai iƙama in ya yi kuskure, jirgi. Matata tana da ciki na biyu a lokacin, na kuwa san abin da ake nufi da baƙo raɓa ne.

A cikin wannan yanayin Katrina ta buga waya makarantarsu. Ta ce ciwon sukari ya cinye idon tsohuwa, ba ta gani ko kaɗan, kuma bayan shekarun nan duka ta ambaci sunansa. Ba ta ce ya zo ba, ba ta ce ta yafe ba. Cewa ta yi tsofaffin faifan nan muryar yaro ce, tana so ta ji yadda muryarsa ta koma. Iskandar ya ɗauki waƙa biyu da baki kawai, ba jita, ya aika. Amsa ta dawo cewa tsohuwa ta saurara, ta ce wannan ba ɗanta ba ne, ɗanta da yatsu yake magana.

Na ga mutum yana ramewa a gabana. Ya je wurin malamai biyu da yake girmamawa. Na farko ya ce masa tsirkiya ba ta halatta ba, ya yi haƙuri ya yi mata addu'ar shiriya. Na biyu, wani dattijo mutumin Sudan, ya ce magabata sun yi saɓani a kan abin, amma ba su yi saɓani a kan kyautata wa uwa ba ko da ba musulma ba ce, ya je ya tambayi zuciyarsa. Wannan amsar ta fi ta farko wahalar da shi. Hutunsa kuwa da sauran watanni, kuma fasfo ɗinsa yana ofishin kamfani kamar na kowa. Gaba kura, baya siyaki. Ranar da ya yanke shawara ya zo shago, bai karɓi shayi ba, ya ce mini da Hausar da ya tsinta a bakina:

"Usta Garba, ina neman taimako. In ka ce a'a, abokina ne kai har gobe."

Na kwana biyu ina juya maganar. Matata ta ce ita ba za ta hana ni ba, amma in tuna cikin da ke jikinta. Na tuna. Na kuma tuna tawa uwar da ta rasu a Haɗejia ina nan ina ɗaure wayoyi, ba ta ji muryata ba. Na ce masa to.

Tsirkiya wani direba mai zuwa Jidda ya sayo mana. Wurin ɗauka ne ya zama matsala, domin gidajen hayar Sultana bangonsu kamar takarda yake. Sai muka tuna Baba Hamza, dattijo ɗan ƙasa wanda kakansa ya taho da ƙafa daga Katsina. Yana da tsohon lambun dabino a Ƙuba, da wani ɗakin laka da yake ajiye buhuna a ciki. Da muka yi masa bayani bai yi dogon tunani ba, ya ce a zo ranar Alhamis da hantsi, lokacin ma'aikata sun tafi kasuwa. Ɗansa Faisal ya ji, ya yi ta magana da Larabci yana cewa wannan neman fitina ne. Tsoho ya amsa masa da Hausa cewa lambun nasa ne.

Mun shigar da jitar cikin buhun dabino. Na jona rakoda, na rataye bargo a ƙofa, sai muka gane abin da ba mu lissafa ba. Injin ban ruwa na lambun yana ta bugawa. Ƙararsa tana rufe mu daga kunnen waje, amma tana shiga kaset ta danne jitar. In an bar shi, aikin banza. In an kashe shi, duk wanda ya gifta bayan katanga zai ji. Muka dubi Baba Hamza. Ya ce ranar rabon ruwansa ce, ba ta maƙwabcinsa ba, don haka babu mai tambaya. Ya fita ya kashe. Shirun da ya biyo baya, har yau ban ji mai nauyinsa ba.

Iskandar ya ɗora tsirkiya, ya daɗe yana daidaitawa, yatsunsa sun yi laushi da rashin aiki. Sannan ya faɗi wata magana da harshensu, daga baya ya ce mini cewa ya yi, Inna, ni ne. Ya fara. Waƙar farko ta masu feɗe kifi ce, wadda matan tashar jirgi ke yi suna aiki. Ta biyu sabuwa ce, a Madina ya tsara ta a zuciyarsa bai taɓa furtawa ba. Ni idona yana kan allurar rakoda, kunnena ɗaya yana kan ƙofa. Yana tsakiyar ta uku muka ji sallama, kusa ƙwarai, aka ɗaga bargon.

Abu Salih ne, maƙwabcin lambun, wanda suke raba injin da shi. Ya ji injin ya tsaya ba lokacinsa ba, ya zaci lalacewa ya yi, ya taho da sifana a hannu don ya taimaka. Mutum ne da duk Ƙuba ta shaide shi da sahun farko da tsare gaskiya, kuma ba ya wasa da abin da ya yarda haramun ne. Ya tsaya yana kallon jita, da Bature, da ni. Iskandar ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya, ya amsa sallamar cikakkiya. Baba Hamza ya ce baƙonsa ne, uwarsa ce ta makance, ita yake yi wa.

"Ya Hamza," in ji Abu Salih, ba tare da ya ɗaga murya ba, "daga nan ana jin kiran sallar masallacin Ƙuba. Ba zan iya cewa ban gani ba."

Ya juya ya tafi. Na kashe rakoda.

Makonnin da suka biyo su ne mafi tsawo a rayuwata. Duk motar da ta rage gudu a bakin shago sai in leƙa in ga ko su wane ne. Matata ta haɗa kayanmu a akwati ba ta gaya mini ba, ni ma na gani na bar su a haɗe. Baba Hamza ya je gidan Abu Salih har sau biyu, aka karɓe shi da gahawa da mutunci, aka sallame shi ba alkawari. Daga baya muka ji cewa bai kai ƙara wurin hukuma ba, wurin shugaban makarantar Iskandar ya je, don yana ganin bai dace mai irin wannan ya koyar da mutane ba. Daga can magana ta kai kunnen kafilina.

Kafin a kira ni, Iskandar ya riga ni zuwa. Kafilin da kansa ya ba ni labari, ya ce Baturen nan ya zo gidansa ya ce jita tasa ce, rakoda tasa ce, shi ya roƙe ni kuma na yi jinkiri kafin in yarda, saboda haka in akwai hukunci a ɗora masa shi kaɗai. Wannan ya sa aka bar mini iƙamata, amma aka ɗauke ni daga Sultana aka mayar da ni wani gareji a Al-Azizya ina gyaran fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Ban sake buɗe cikin rakoda ba har na yi ritaya.

Shi kuwa shugaban makarantarsu, wanda yake son sa ƙwarai, ya ba shi mafita. Ya ce ya kawo jitar a fasa, ya tsaya gaban ɗalibai ya ce shaiɗan ne ya rinjaye shi kuma ya yi nadama, shi ke nan a rufe maganar. Na roƙe shi ya yarda. Baba Hamza ya roƙe shi. Har Faisal ya ce masa kalma biyu ce kawai. Iskandar ya ce jita a ɗauka, ba zai yi kewarta ba. Amma ya ce ba zai tsaya a garin Manzo ya ce ya yi nadamar abin da bai yi nadamarsa ba, don kawai ya samu kabari a garin. Aka buga masa bizar fita ba dawowa.

Na raka shi tashar mota. Ya miƙa mini kaset ɗin, ya ce yanzu da kansa zai je, ba ya bukatarsa. Bai faɗi baƙar magana ko ɗaya a kan Abu Salih ba. Da na fara, ya tare ni, ya ce mutumin da sifana ya shigo, taimako ya kawo, abin da ya tarar ne ya fi ƙarfinsa. Da mota ta tashi ya juya yana neman koriyar ƙubbar masallacin Manzo ta taga, ni kuma na kasa ɗaga hannu.

Sauran labarin daga wayoyin da yake bugo mini jefi-jefi na same shi, sai kuma daga Katrina. Uwarsa ta shafa gemunsa da hannu ranar da ya isa, ta ce ya yi kama da akuya, daga nan ba ta sake tayar da maganar addini ba, shi ma bai tayar ba. Ya zauna da ita fiye da shekara, yana dafa mata abinci, yana yi mata waƙa da jitar aro a ɗakin girki, har ta rasu a hannunsa. Tsohon kamfanin faifansa ya ji ya dawo, suka neme shi ya yi faifai na huɗu, ya ƙi. Ya koma wani babban birni yana koya wa 'ya'yan baƙi karatu a wani ƙaramin masallaci. Ya nemi dawowa Madina ba sau ɗaya ba, bai samu ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi bai cika hamsin ba. Katrina ta bugo gareji, ɗan Turancin da na sani ya ishe ni in gane.

Yau idan na fita Sultana, kiɗa nake ji daga motoci da wayoyin samari, ba mai waiwaye. A wasu garuruwan ƙasar nan har taron mawaƙa ake yi a fili, ana sayar da tikiti. Nakan tambayi kaina me Iskandar zai ce. Wani zai zaci zai yi dariyar nasara, ya ce ashe a kan wannan aka kore ni. Ni da na san shi ban zaci haka ba. Ina jin hayaniyar za ta dame shi fiye da yadda ta dami Abu Salih, domin shi shiru ya zo nema. Kuma ina jin zai yi mamakin cewa faifansa na uku, wanda ya ja aka sallame shi, shi ne matasan ƙasarsu suka fi saurara yanzu, kamar yadda Ruƙayya ta nuna mini. Abin da mutum ya jefar da kunya, wani zamani ya zo ya tsince shi da daraja.

Lambun Baba Hamza ya zama gidajen bene. Abu Salih ya rayu har ya tsufa tukuf. Shekaru da yawa muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa, kowa ya kama gabansa. Gab da rasuwarsa, wata rana bayan azahar, ya riƙe hannuna a bakin ƙofa, ya tambaye ni ko tsohuwar nan ta samu jin ɗanta. Na ce ta ji shi, a hannunsa ma ta cika. Ya ce alhamdu lillahi. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa.

Kaset ɗin yana nan, waƙa biyu da rabi. Ruƙayya ta ce in bari ta ɗora shi a intanet, duniya za ta girgiza, ga faifai na huɗu na mawaƙin da ya ɓata. Na ce mata a'a. Faifai uku ya yi wa duniya, kuma duniya ta samu rabonta. Wannan mace ɗaya aka yi wa. Mun samo adireshin 'yar Katrina, kuma wani ɗan ƙanina da ke karatu a can zai kai mata hannu da hannu, ita ta san abin da za ta yi da kayan gidansu.

Ni ba malami ba ne, ban isa in raba gardamar da ta gagari manya a kan tsirkiya ba. Masu sauraronsa za su ce waƙoƙin ne suka rage, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma waƙa ba ta taɓa tsaya mini a gaban kafili ba. 'Ya'yana biyar a garin nan aka haife su, a nan suka yi karatu, a nan suka yi aure, domin wani baƙo ya riga ni zuwa ƙofar da nake tsoro ya ce shi ne mai laifin. An ba shi zaɓi tsakanin abin da ya fi so a duniya da ƙarya ta kalma biyu, ya bar abin da yake so. Wannan na gani da idona, kuma shi zan faɗa idan aka tambaye ni. Allah Ya haskaka kabarinsa a can bakin tekun sanyi, Ya jiƙan Baba Hamza da Abu Salih, Ya sa idan tamu ta zo a same mu da gaskiya a baki.